Wayar da ta bi kuza ta tsallake gidaje

A shekarar 1929, lokacin da manyan biranen Arewa ke kwana da aci-balbal da fitilar ƙwai, aka kafa kamfanin NESCO domin ya tare ruwan da ke gangarowa a Kurra, cikin ƙasar Barikin Ladi, ya juya injina da shi ya samar da wutar lantarki. Ba ma shi ne na farko a tsaunukan Jos ba, domin tun 1923 wani kamfanin haƙar kuza ya riga ya kafa ƙaramar tasha irin wannan a Kwall, ƙasar Irigwe. Madatsar Kainji, wadda ƙasar nan ta daɗe tana tinƙaho da ita, sai a 1968 aka gama ta. Ashe Filato ta riga sauran Najeriya sanin wutar ruwa da shekara arba'in da ɗoriya. Duk da haka, wanda ya bar tsakiyar Jos yau ya nufi Bassa ko Riyom ko Bokkos zai ga ƙauyukan da manyan wayoyi suka ratsa ta saman gonakinsu ba tare da ko zare ɗaya ya sauko cikin gida ba, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wannan ba haɗari ba ne, ba kuma sakacin gwamnati ɗaya ba ne. Kowace waya da aka taɓa ja a wannan ƙasa, ta wuta ce ko ta tarho ko ta intanet, mai manyan kuɗi take bi, kuma ɗan guntun da ya rage tsakanin babban layi da ƙofar talaka kasuwa ba ta taɓa biyansa da kanta ba. In ba a raba nauyinsa a kan jama'a duka ba, a kan wanda ya fi kowa rauni yake faɗawa.

Sai an koma ga kuza kafin a gane yadda aka zana taswirar wayoyin Filato. Maƙeran Hausawa na Liruwen Dalma sun daɗe suna narka ma'adinin suna sayarwa kafin Bature ya zo, kuma sandunan dalmar da ake gani a kasuwanni su suka ja hankalin Kamfanin Neja har ya turo Henry Laws a 1903, ya zo ya kafa sansani a Naraguta. A shekarun farko 'yan dako ne ke ɗaukar kayan a ka har Loko a bakin Binuwai. Da abin ya bunƙasa aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zariya, ya kai Jos da Bukuru zuwa 1914, sannan babban layi daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan a 1927. Da siririn layin ya daina biyan kansa, a 1957 aka rufe shi, ba a tsaya tambayar garuruwan da suka tsiro a gefensa ba. Wuta ma a kan wannan ƙa'ida ta zo. Manyan famfunan da ke zuƙo tsakuwa da ruwa daga ramuka, da injinan da ke kwashe ƙasa, suna cin wuta dare da rana, ga itace ya yi ƙaranci a tsaunin, ga kwal daga Inugu yana da tsadar dako. Saboda haka aka ja waya daga Kurra, daga baya kuma daga Jekko, zuwa inda ramukan suke: Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi, Dorowa, Gana Ropp. Gidajen Turawan kamfani da kulob ɗinsu sun samu domin suna kan hanya. Barikin leburori kuwa, da ƙauyukan Birom da aka haƙe wa gonaki, ba su cikin lissafin tun farko.

Lissafin kansa ba shi da wuya, kuma bai canza ba daga wancan zamani zuwa yau. Kuɗin jan waya yana bin tsawon hanya ne, kuɗin shiga kuma yana bin yawan masu biya. A ɗauka za a ja layi na kilomita ɗaya, ana kafa falwaya duk bayan mita hamsin: falwaya ashirin ke nan, da wayarsu da ladan masu aiki, kuma kuɗin ɗaya ne ko gida nawa ke gefen hanyar. In a Gangare ne ko Dilimi, inda gidaje ke manne da juna, gida ɗari biyu na iya raba wannan kilomita, kowanne ya ɗauki nauyin mita biyar. In kuwa a ƙauyen da gidaje goma suka warwatsu ne, kowanne da shingen ƙerana kewaye da gonarsa kamar yadda aka saba zama a tsaunin, kowane gida mita ɗari ya hau kansa, ninki ashirin na ɗan birni. Kuma mai gidan nan na ƙauye shi ne zai fi kowa shan wuta kaɗan, ƙwan fitila uku da cajin waya da ƙaramar rediyo. Filato ta ƙara wa wannan lissafi nata nauyin, domin ƙasar dutse ce. Ramin da lebura zai haƙa cikin sa'a guda a jigawar Katsina, a gangaren Jenta ko Tudun Wada sai an sa guduma da kurfi, wani wurin ma sai an fasa dutse. Ga kududdufan da haƙar kuza ta bari birjik, waɗanda dole waya ta kewaye su. Injin kuza guda ɗaya kuwa yana shan abin da gari guda ba zai sha ba, yana kuma biya a kan kari. Duk ɗan kasuwar da aka ba zaɓi tsakanin su biyun ya san inda zai nufa, kuma ba sai ya kasance mugu ba.

Amma a ce kamfanonin kuza da kuɗinsu suka ja wayarsu, don haka babu mai bin su bashi, wannan magana ba ta cika ba. Ruwan da aka tare na mutanen wurin ne, ƙasar da aka farfasa gonakin Birom ne da maƙwabtansu. Ribar da ta sayi injinan ta fito ne daga gumin leburorin da suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da Bauchi, waɗanda suka bar wa barikokin sunayen Hausa irin su Gindin Akwati da Mai Idon Toro. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun dalma, sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma ga aikin tilas, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Aka riƙa kwaso maza daga larduna ana jibge su a sanyin tsaunin ba isasshen abinci ba sutura, da yawa suka mutu, har aka dakatar da tsarin a 1944. A 1943 abin da aka haƙo ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan duka a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan. Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a yarjejeniyar da aka yi lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, an bar wa kamfanin rabin kuɗin haƙƙin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Jama'ar Filato sun biya kuɗin wayar nan tun kafin a kafa falwaya ta farko, sai dai ba a rubuta sunansu a rasit ba.

Wayoyin da suka biyo baya ba su sake hanya ba. A ƙarshen shekarun 1940 Jos na cikin garuruwan da aka kai wa rediyo mai waya, wato akwatin da ake rataye wa mutum a ɗaki, a jawo masa shiri ta waya daga tasha guda yana biyan haya. Kano ta sami nata a 1944. Wannan tsari iyakarsa cikin gari inda gidaje ke kusa, kuma da rediyo mai batir ta yawaita sai ya mutu. Tarho kuma, a hannun gidan waya da kuma NITEL da aka kafa a 1985, ya tsaya a ofisoshi da bankuna da unguwannin manya irin su Rayfield. Lambar Jos ta 073 mutane ƙalilan ne suka taɓa ba wani ita a matsayin ta gidansu, domin har zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma sama da miliyan ɗari. Talabijin ne kaɗai ya sha bamban, kuma dalilin a bayyane yake. Tashar da gwamnatin Joseph Gomwalk ta buɗe a Jos a 1974, wadda ta riga kowace tasha a Najeriya watsa hoto mai launi, ta iska take tafiya, ba ta buƙatar a haƙa rami zuwa gidan kowa. Haka ma abin da mutane ke kira kebul a yau, DStv ne ko StarTimes ko GOtv, suna kawai ya ara, faranti ne ko eriya a kan rufi. Najeriya ba ta taɓa shimfiɗa wayar talabijin gida-gida ba kamar yadda Amurka ta fara a garuruwan tsaunukan Pennsylvania a 1948, saboda lissafin nan na kilomita bai taɓa fita ba.

Bayan kuza ta faɗi ne nauyin ya sauko sosai a kan talaka. Haƙar ta riƙa ja da baya tun shekarun 1970, sannan farashin dalma ya rushe a kasuwar duniya a watan Oktoba na 1985. Jos kuwa ba ta daina girma ba, ga hedikwatar jiha, ga jami'a, ga kasuwanci. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka ƙara wani abu mai ciwo: mutane suka bar unguwannin da suka cakuɗa shekara da shekaru, Musulmi suka tattaru a gefe, Kirista a gefe, aka yi ta yanka filaye a bayan gari da kan duwatsu inda babu titi balle layin wuta. A irin waɗannan sababbin unguwanni, na kowane ɓangare, hanya ɗaya aka sani. A kafa kwamiti, a yi karo-karo gida-gida, a sayi falwaya da waya, a je wurin ɗan majalisa ko ɗan takara a roƙi taransifoma, in ta ƙone a sake zagayawa da littafin karɓar kuɗi. Kayan da aka saya kuma sai su shiga cikin dukiyar mai raba wuta, da can NEPA, tun Nuwamba 2013 kuma kamfanonin da aka sayar wa harkar, a riƙa kawo wa waɗanda suka saye su takardar biya duk wata. Hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta sha nanata cewa sayen taransifoma da falwaya aikin kamfani ne ba na mai shan wuta ba, kuma gaskiyarta ne a doka. Sai dai wanda ya shekara uku cikin duhu ba zai zauna jiran doka ba. Sakamakon shi ne tsohuwar unguwar masu hali, wadda aka ja wa layi da kuɗin hukuma tun zamanin Turawa, ba ta biya komai ba, sabuwar unguwar masu ƙaramin ƙarfi kuma ta biya sau biyu.

Za a ce zamani ya wuce wannan gardama, tunda wayar salula ta shigo a watan Agusta na 2001 ta yi cikin shekaru kaɗan abin da NITEL ta kasa, ga sola a kan rufi, ga Starlink da ya fara aiki a ƙasar a 2023. Akwai gaskiya a ciki, kuma ga gidan da ke can shi kaɗai a bayan dutse, faifan sola ya fi hankali a kan jan layin kilomita biyar. Amma salula ba ta kawar da waya ba, ta ɗauke ta ne daga idon mai kira. Kowane dogon ƙarfen sabis yana buƙatar wuta, yawanci ta janareto mai shan dizal, kuma yana buƙatar hanyar da zai tura abin da ya tara zuwa babban layi, wadda in ana son intanet mai ƙarfi dole ta zama wayar faiba da aka binne a ƙasa. Manyan wayoyin teku irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 a Legas suka sauka, kuma daga can zuwa Jos tafiyar kusan kilomita dubu ce ta rami. Kamfanin salula ma yana ƙirga kawuna kafin ya kafa ƙarfe, shi ya sa har yanzu akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. A Jos aka ƙaddamar da komawa talabijin na dijital a Najeriya a ranar 30 ga Afrilu 2016, aka raba dikodoji, amma dikoda ba ta kunnuwa a gidan da babu wuta. Sola ƙarama kuma tana kunna fitila da fanka, ba ta juya injin niƙa ko na walda, ba ta riƙe ɗakin sanyi da manomin dankalin Bokkos ko mai tumatir zai ajiye amfaninsa. Wutar da ke fitar da mutum daga talauci ita ce mai ɗaukar inji, kuma wannan har gobe da waya take zuwa, ko daga babban layi ko daga ƙaramar tashar gari.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce wadda mutanen Bukuru da Barikin Ladi za su kawo da kansu. Za su ce NESCO kamfani ne mai zaman kansa, bai shiga cikin hukumar wutar gwamnati ta ECN ba da aka kafa ta a farkon shekarun 1950, bai narke cikin NEPA ba a 1972, kuma shekaru da dama wutarsa ta yi suna wajen tsayawa a lokacin da ta gwamnati ke ɗaukewa. Me zai sa a sake miƙa wa hukuma aikin da ta riga ta nuna ba ta iya ba? Ba na musun ingancin da aka san kamfanin da shi, ba na kuma kare ɓarnar da aka yi da sunan kai wuta karkara, inda aka sha kafa falwayoyi a bar su tsaye babu waya. Amma a duba abin da tarihin NESCO yake nunawa a zahiri. Madatsunsa da manyan layukansa kuza ce ta biya su tun kafin a haifi yawancin masu shan wutarsa na yau. Da ma'adinan suka mutu, sai ya juya ga garuruwa da masana'antun da ke kusa da layin da yake da shi. Gidajen da suka more shi sun ci gādon jarin da wani ya zuba ne, kuma inda kuza ba ta kai waya ba, ba a ga kasuwa ta kai ta ba. Darasin da ke ciki shi ne waya tana da tsada rana ɗaya, tana kuma aiki shekara hamsin ko fiye. Talaka yana iya biyan kuɗin wata, abin da ba ya iyawa shi ne ya biya na shekara hamsin a dunƙule kafin a kunna masa ƙwai ɗaya.

Ƙasashen da suka warware wannan matsala ta nan suka ɓullo mata. A Amurka ta 1935, gona ɗaya cikin goma ce ke da wuta, kuma kamfanoni sun ce kai wa sauran asara ce, daidai da abin da ake faɗa a nan. Gwamnatin Roosevelt ba ta ƙwace kamfanonin ba. Ta kafa hukumar kai wuta karkara wadda ke ba ƙungiyoyin manoma rance mai sauƙi, daga 1944 ma aka tsayar da ruwansa a kashi biyu cikin ɗari, a biya cikin shekara 35. Ƙungiyoyin suka ja layinsu, suka mallake shi, kuma kafin tsakiyar shekarun 1950 gona tara cikin goma ta samu wuta. Abin lura ga mutumin Jos shi ne wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Kwamitin unguwa mai tara kuɗin taransifoma ya riga ya yi rabin aikin ƙungiyar manoman can. Abin da ya rasa shi ne rance mai dogon zango, da takardar da za ta ce kayan da ya saya nasa ne ko kuma za a cire masa kuɗinsu daga abin da yake biya duk wata.

Akwai masu cewa wanda ya je ya gina gida a kan dutse ba tare da izinin hukumar tsara gari ba shi ya jawo wa kansa, kuma ɓarayin waya da masu jona wuta ta bayan fage su ke sa kamfani ya ja baya. Satar waya gaskiya ce, tana kuma cutar da kowa, amma an fi samun masu gadin taransifoma da dare a unguwar da mutane ke ganin tasu ce. Batun gini babu tsari kuwa, mutumin da aka ƙone wa gida a 2008 ya koma inda ya sami fili bai zaɓi tsadar waya ba, kuma hukumar da ba ta yanka filaye ta shimfiɗa titi kafin mutane su iso ba tana da nata kason laifin. Gwamnatocin jihohi ma sun daɗe suna ƙara wa aikin tsada da hannunsu, ta hanyar kuɗin izinin haƙa rami a gefen titi, wanda a wasu jihohin ya kai dubban naira a kan kowace mita. Majalisar tattalin arzikin ƙasa ta amince da naira 145 a mita, wato naira 145,000 a kilomita, kuma a 2020 wasu jihohi suka sauko kan wannan adadi, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya. Jihar da ta mai da ramin faiba hanyar samun kuɗin shiga tana karɓar kaɗan yau ne ta hana ƙauyukanta layin da za su yi shekaru suna amfani da shi.

Ba a rasa kayan aiki a doka ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, wanda ake zuba masa wani kaso na kuɗin da kamfanonin waya ke biyan hukumar sadarwa ta NCC, domin a kai sabis inda riba ba ta kaiwa. Dokar gyaran harkar wuta ta 2005 ta kafa hukumar REA da asusunta na karkara. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, abin da ya fi dacewa da Filato fiye da yawancin jihohi, tunda tana da magangarun ruwa da tsofaffin madatsu da kamfanin da ya kusa cika shekara ɗari yana wannan aiki. A gefe guda kuma, tsarin da aka shigo da shi a watan Afrilu na 2024, wanda a lokacin ya ɗaga kuɗin rukunin farko na masu shan wuta zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni bisa alkawarin wutar sa'a ashirin a rana, yana ƙara jan hankalin mai raba wuta zuwa layukan da suka fi biya, kamar dai yadda injinan Bisichi suka ja shi a da. Idan jihar za ta yi amfani da sabon ikonta, wurin farawa shi ne ta ƙirga unguwanni da ƙauyukan da babban layi ya wuce su da ƙasa da kilomita biyu ko uku, ta san kuɗin kowanne, ta buɗe asusun rance mai dogon zango ga kwamitocin da suka yi rajista, ta kuma wajabta a binne bututun faiba duk lokacin da ake gina sabon titi, tunda a ƙasar dutse ramin ne ke cinye kuɗin, bai kamata a fasa dutse ɗaya sau biyu ba. Ƙauyukan da ke kewaye da Kurra da Kwall su ya kamata a fara rubutawa a wannan jeri.